Dutsen baduku a tudun Abu Ayyuba

Ranar Lahadi ce, yawancin kantunan sari na Laleli a rufe, ni kuma na riga na ɗaure kayana na miƙa wa masu kago tun daren Asabar. Saura kwana biyu jirgina ya tashi. Zuwana na shida ke nan Istanbul, garin da kakanninmu ke kira Santambul, ina saro dogayen riguna da mayafai ina kaiwa Kantin Kwari, amma in ka ɗauke layin masaukina da masallacin da ke bakinsa, ban san komai a garin ba. Ɗan yayata da ke karatun injiniya a can shi ya tsaya kai da fata. Ya ce, "Kawu, wannan karon ba za ka koma gida ba sai ka je ka gai da Abu Ayyuba."

Muka hau ƙaramin jirgin ƙasan nan mai ratsa tsakiyar titi, muka sauka a Eminonu, muka canza wani da ke bin gefen mashigin ruwan da Turkawa ke ce wa Halic. Watan Nuwamba ne. Ana yayyafi marar ƙarfi, irin wanda ba ka ganinsa sai dai ka ji hularka ta yi nauyi, ga wani sanyi da ya fi na hunturunmu naci. Ba mu yi rabin awa ba muka isa unguwar da suke kira Eyub Sultan.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji sira ya san mai wannan suna. Shi ne Halidu ɗan Zaidu, Abu Ayyubal Ansari, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauka a gidansa da ya iso Madina, bayan taguwarsa ta durƙusa a kusa da ƙofarsa. Da tsufansa ya bi rundunar da aka tura wannan birni a zamanin Mu'awiya, ciwon ajali ya kama shi a hanya, ya bar wasiyya a kutsa da gawarsa cikin ƙasar Rumawa iyakar inda za a iya kaiwa. A kusa da ganuwar birnin aka rufe shi. Sai bayan kusan shekara ɗari takwas, da Sarki Muhammadu Fatih ya ci garin a 1453, malaminsa Akshamsuddin ya nuna wurin, aka gina masallaci a 1458. Ginin da ke tsaye yanzu na 1800 ne, domin girgizar ƙasa ta 1766 ta lalata na farkon. A nan a da ake rataya wa sabon sarkin Daular Usmaniyya takobi, ta Turkiyya nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba.

Muka yi nafila, muka bi layi muka yi sallama a hubbaren. Farfajiyar cike take da tantabaru da yara maza sanye da fararen kaya da alkyabba da ɗan sanda, waɗanda iyayensu suka kawo kafin a yi musu kaciya. Na ɗauka ziyara ta ƙare ke nan. Sai yaron nan ya ja ni ta wani lungu a bayan masallaci, muka ɓullo gindin tudu, na ɗaga kai na tsaya cak.

Fada na gani ranar hawan salla. Mutane ne tsaye sahu-sahu daga gindin tudun har ƙolinsa, kowa da rawaninsa, wasu sun miƙe, wasu sun karkata kamar masu raɗa, wasu sun jingina da juna. Sai da na matsa idona ya yarda duwatsu ne. Tun da aka gano kabarin sahabin kowa ke son a rufe shi a maƙwabtaka da shi, waziri da alƙali da mai sayar da gawayi, har tudun ya cika. Kowane kabari duwatsu biyu gare shi, na kai da na ƙafa, fari tas mai santsi, yawanci daga tsibirin Marmara aka sassaƙo su. Sunan ya ba ni mamaki, don mu a wurinmu marmara jan dutse ne. Na wajen kai shi ke ɗauke da rubutu, kuma sunansa shahida, wato mai ba da shaida.

Kafin ka karanta harafi ɗaya, kan dutsen ya gaya maka ko wane ne. Bakano ba ya bukatar dogon bayani a nan, don mu ma in muka hango rawani mai kunne biyu mun san jinin sarauta ne, ba ma haɗa shi da naɗin malami ko na attajiri. To haka nasu, sai dai sun fi mu rarrabewa. Akwai dogon rawani mai kusurwoyi na wazirai, akwai ƙaton mai kama da tulu na manyan malamai, akwai na magatakarda, akwai doguwar hula marar naɗi ta mabiya ɗariƙar Maulawiyya. Da muka ɗan yi sama sai rawuna suka fara ƙaranci, hular dara ta maye gurbinsu. Dalili kuwa, a 1829 Sarki Mahmudu na Biyu ya hana ma'aikatan gwamnati rawani ya ɗora musu dara, malaman addini kaɗai ya bar wa nasu. Saboda haka dutse mai dara, ko an goge shekararsa, ka san bai girmi wancan zamani ba. Wannan sarkin ne kuma ya rushe rundunar Janisari, zaratan sojojin fada, a 1826, fushin bai tsaya kan rayayyu ba, har duwatsun matattunsu aka bi ana farfasa hulunan.

Na mata ba su da rawani. Furanni aka sassaƙa musu a kai, wasu har da sarƙar wuya. Mun tsaya kan wani ɗan gajere da aka yi wa hoton fure wanda bai buɗe ba, an karya shi daga reshe. Ba wanda ya fassara mini. Ina da 'ya mai shekara goma sha huɗu a gida.

Ban yi boko mai nisa ba, amma na sauke a makarantar allo, na kuma yi 'yan shekaru a zaure kafin kasuwa ta ɗauke ni. Ban taɓa zaton wannan ɗan karatun zai yi mini rana a ƙasar Turkawa ba. Na sunkuya kan dutse na farko sai ga layin sama ya buɗe mini kamar a gida: Huwal Baƙi, Shi ne Mai wanzuwa. Na duba na kusa da shi, haka. Na gaba, Huwal Hallaƙul Baƙi. Jefi-jefi ka tarar da wanda ya fara da Ah minal maut, wayyo mutuwa, kuma sau da yawa na matasa ne. Daga nan sai rubutun ya juye zuwa Turkancin da, ina ganin haruffa, ina iya furta su, amma ban san me suke cewa ba, sai dai in tsinci marhum, in tsinci magfur, in tsinci sunan mutum da na mahaifinsa. Can ƙasa kuma ya sake dawo mini: ruhuna Fatiha, ko ruhicun al-Fatiha, ma'ana a karanta wa ransa Fatiha. Ɗigon fa ɗin a sama yake. A allonmu fa ɗigonta a ƙasa, mai ɗigo ɗaya a sama ƙaf ce, don haka sai da idona ya saba.

Na karanta goma, na karanta ashirin, duk tsari ɗaya. A fara da sunan Wanda ba Ya mutuwa, a ambaci wanda ya mutu a tsakiya, a ƙare da roƙo. Waziri mai layi goma sha biyu na yabo da talaka mai layi uku, duk a kan bara suka rufe magana. Kuma rubutun hanya yake kallo, ba cikin kabari ba. Da mai wucewa ake.

Layin ƙarshe shi ne shekara. Abu na farko da na lura, tsofaffin duwatsun ba sa faɗin ranar haihuwa, ta rasuwa kaɗai suke bayarwa. Na tuna mahaifina, Allah Ya jiƙansa, wanda in ka tambaye shi shekarunsa sai ya ce yana ɗan makarantar allo Sarauniyar Ingila ta zo Kano, kai ka je ka lissafa daga 1956. Ɗan yayata bai san lambobin Larabci sosai ba, na tsaya na nuna masa tarkunan: mai kama da sifiri biyar ce, mai kama da bakwai shida ce, ɗan ɗigon nan da za ka ɗauka tabon dutse ne shi ne sifiri. Bai jima ba ya ƙwala mini kira, wai ya samo wanda ya haura shekara dubu, an rubuta 232. Na ce a'a, a shekara ta 232 ta Hijira babu Musulmin da ke sassaƙa rawani a wannan tudun, garin na hannun Rumawa. Masassaƙan kan yar da dubun ne, kamar yadda mu ke cewa canjin kuɗi na 73. Dutsen na 1232 ne.

Na faɗi lambar, sai gabana ya faɗi, don na san ta. Na ce masa ya fito da wayarsa: ya raba shekarar gida 33, ya ɗebe abin da ya fita, ya ƙara 622. Shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya, shi ya sa duk shekara 33 ake samun rarar guda. Ya danna, ya ce 1817. Shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a Sakkwato ke nan. Wannan bawan Allah mai rawanin magatakarda, wanda wataƙila bai taɓa jin sunan Gobir ba, shekara guda aka yi musu wanka shi da Mujaddadi. Daga nan na daina ganin lambobi. 1253 na gani, na ce Sarkin Musulmi Bello. 1280, na ce Nana Asma'u. 1320, na ce shekarar da Turawa suka fasa ganuwar Kano. Tudun baƙi ya zama mini kamar na san mutanen.

Wasu manyan duwatsun kuma waƙa ce a jikinsu, shekarar tana ɓoye a baitin ƙarshe. Kowane harafi yana da adadinsa a lissafin abajada, in ka tara haruffan baitin sai shekarar rasuwa ta fito. Misalin da kowane ɗalibi a garin ya sani shi ne na cin birnin kansa: kalmomi biyu na Suratu Saba'i, baldatun ɗayyibatun, gari mai kyau. Ba 2, lam 30, dal 4, ta kuri 400, sun zama 436. Ɗa 9, ya 10, ba 2, ta kuri 400, sun zama 421. Ka haɗa, 857, daidai da 1453. Wannan ai ramzi ne, irin wanda malamanmu ke rufe waƙoƙin ajami da shi. Sai dai akwai wurin tuntuɓe. Mu lissafin Magariba muka gada, su na Gabas. A wurinmu shin mai ruwa ce dubu, a wurinsu shin 300 ce, gain ce dubu. Malamin Sakkwato in zai rubuta 1232 sai ya jera shin, ra, lam, ba. Ka miƙa wa malamin Santambul waɗannan haruffa huɗu, 532 zai lissafa maka, kuma bai yi kuskure ba a bisa abin da aka karantar da shi.

Muka ci gaba da hawa. Akwai keken sama mai bin igiya da ke kai mutane ƙolin tudun cikin 'yan mintoci, amma mun zaɓi ƙafa. Hanyar dutse ce a shimfiɗe, dogayen itatuwa masu tsini sun yi mata rumfa, kyanwoyi ko'ina, ƙosassu, ba sa tsoron kowa. A jikin wasu kaburbura an faffafe ɗan gurbi don ruwa ya taru tsuntsaye su sha, ladan ya je wa mamaci.

A tsakiyar tudu sababbin kaburbura suka fara cuɗanya da tsofaffi. Babu rawani, babu dara, allon dutse ne kawai da rubutun boko. A kan wani na ga D. 1328, a ƙasa kuma Ö. 1991. Yaron ya ce harafin farko haihuwa yake nufi, na biyu rasuwa. In ka ɗebe, shekara 663 ke nan. Na ce to shekarar haihuwar ta Hijira ce, wato 1910. Ya girgiza kai, ya ce a nan ya fi ni sani, don ya sha ganin irinta a takardun tsofaffi. Ashe kalanda uku ce a tudun. Daga 1840 gwamnatinsu ta tsayar da wata kalanda da ake kira Rumi don albashi da haraji da rajista: lambar shekara daga Hijira aka ɗauko ta, amma tafiyarta ta rana ce, kuma a watan Maris take farawa. Ita 584 ake ƙara mata, in kuwa Janairu ne ko Fabrairu a ƙara 585. Da farko kafaɗa da kafaɗa suke da ta Hijira, a hankali ta wata ta tsere mata, har tazarar ta kai shekara biyu. Mai wannan kabari a 1912 aka haife shi, ya rayu shekara 79, an haife shi da wata kalanda ya mutu da wata.

Ba kalanda kaɗai ta juya a kansa ba. Yana ɗan shekara goma sha uku, a Nuwamban 1925, gwamnatin Mustafa Kamal Ataturk ta hana dara, ta rufe zawiyoyi da hubbarori, har na Abu Ayyuba, wanda sai 1950 aka sake buɗe shi. Ranar 1 ga Janairu 1926 aka koma kalandar Miladiyya. A Nuwamban 1928 aka yar da haruffan Larabci aka ɗauki na boko. A 1934 aka wajabta wa kowa sunan dangi, maimakon wane ɗan wane. Duk waɗannan dokoki suna nan a jikin duwatsun, kana hawa kana karanta su, taku ashirin tsakanin wata da wata.

A nan muka gamu da dattijon. Zai kai saba'in da biyar, da 'yar hular sanyi da doguwar kwat, yana zuba ruwa daga gorar roba a kan wani tsohon dutse mai dara yana gogewa da tsumma. Ya daɗe yana kallona ina bin layuka da yatsa ina motsa baki. Ya yi wa ɗan yayata magana, shi kuma ya amsa da ladabi yana ce masa Amja, kamar a ce Baffa. Ya juyo ya ce, "Kawu, wai tambaya yake ko kana iya karanta tsohon rubutu. Wannan kabarin kakan mahaifinsa ne. Mahaifinsa ne ya nuna masa tun yana yaro, shekara sittin yana zuwa, amma bai san abin da ke jiki ba."

Na ce a gaya wa Baba na iya haruffan, ban iya harshen ba. Yaron ya yi shiru, can ya ce, "To ai ni da shi mun iya harshen. Kai dai ka faɗa da ƙarfi."

Haka muka yi, mu uku a tsugune cikin yayyafi. Na karanta Huwal Baƙi, dattijon ya gyaɗa kai, wannan ya san shi. Layi na biyu na ga sin, ra, alif, jim. Babu wasali a rubutunsu, na ce siraj, fitila. Suka dubi juna, ba ta zauna ba. Na karanta kalmar da ke biye, na jujjuya ta a baki har sau uku, sai yaron ya cafke, ya ce esnafindan, wato daga cikin masu sana'ar kaza. Dattijon ya buga cinyarsa ya ce sarac! Sarraj ke nan da Larabci, mai ɗinka sirdi da linzami. Baduku. Ya kama hannuna yana magana da sauri, yaron yana bin sa da fassara da ƙyar: kakarsa ta taɓa ce masa su mutanen fata ne, akwai wata tsohuwar basilla a akwatinta da ba ta bari a taɓa, bai taɓa haɗa zancen da wannan dutse ba. Muka bi sauran a hankali, sunan mamacin, sunan mahaifinsa, garin da suka fito. Waɗannan na iyalinsu ne, ba zan rubuta su ba.

Da muka zo layin ƙasa ya riga ni, ya ce wannan kam ya sani, 1915 ce, shekarar yaƙin Canakkale, wanda Turkawa suka gwabza cikin Yaƙin Duniya na Farko. Wani ya taɓa karanta musu lambar, 1331, ya ƙara mata 584, tun daga nan gidansu suka riƙe cewa a shekarar yaƙi tsohon ya rasu. Na goge wurin da babban yatsa. Lambar daidai ce, amma kafin ita akwai 17, kuma tsakaninsu akwai wani ɗan harafi shi kaɗai, nun. Na tuna na ga irinsa a ƙasan tudu, inda wasu duwatsun suka rubuta wata a cike wasu suka taƙaita: mim Muharram, ba Rajab, shin Sha'aban, lam Shawwal, nun Ramadan. Kalandar Rumi ba ta da Ramadan, watanninta su Mart ne da Nisan da Temmuz. In dai akwai nun, shekarar ta Hijira ce. Na ce wa yaron ya lissafa. 1913, cikin watan Agusta. Sarki Abbas na kan gadon Kano, jirgin ƙasa bai daɗe da iso mana ba, ba a ma haɗe Kudu da Arewa ba tukuna.

Na ji nauyin faɗa masa, don kada in ƙwace wa gidansu abin da suke riƙe da shi. Na ce a gaya masa baduku bai ga yaƙin ba, shekara biyu ya riga shi, amma ranar 17 ga Ramadan ya cika, ranar Badar. Da fassarar ta isa gare shi ya cire tabarau ya daɗe yana goge su da tsumman da ya wanke dutse. Sa'an nan ya nuna layin da ya rage ya kira ni Hoja, wato Malam, ya ce, "Wannan fa?" Na ce wannan na kowa ne. Muka ɗaga hannu mu uku muka karanta.

Ba zan ɓoye ba, tun daga gindin tudun zuciyata ke kai kawo. Mu ba haka muka taso ba. Hadisin Jabir yana nan a Muslim, an hana shafe kabari da farar ƙasa, da zama a kansa, da gini a kansa, a ruwayar Tirmizi har da rubutu. Malamanmu na Malikiyya sun karhanta shi. Turkawa Hanafawa ne, nasu malaman sun sassauta in ana tsoron kabarin ya ɓace. Na je Baƙi'a a Madina, dubban sahabbai, ba suna ko ɗaya, sai ɗan dutse a wajen kai, irin wanda Annabi da kansa ya ajiye a kan Usmanu ɗan Maz'unu don ya riƙa gane kabarin ɗan'uwansa. Har gobe wannan ya fi kwanta mini, kuma ba na fatan a kafa mini farin dutse mai rawani. Kuɗin da aka kashe a kan wasu na wazirai zai ciyar da unguwa.

Amma ina da nawa ciwon. Mahaifinmu ya rasu cikin azumin 1430, wato 2009. Muka rufe shi yadda ake yi, itace da fasassun tukwane da ƙasa, muka sa mai fenti ya rubuta sunansa da ranar a ɗan allon ƙarfe muka kafa. Damina uku fentin ya ɓare. Wata shekara muka je muka tarar allon ma babu, masu jari bola sun bi dare sun tsince na layin gaba ɗaya. Babban yayanmu ya ce wataƙila hakan ya fi, Allah Ya san inda bawanSa yake, kuma gaskiya ya faɗa. Yanzu in na je sai in tsaya kusa da wata dalbejiya in fuskanci inda nake zato. Namu kabarin ya rasa rubutu, mai karatu na nan. Na dattijon nan rubutun ya shekara ɗari da goma ko gezau bai yi ba, masu karatun ne aka ɗauke. Roƙon Fatiha yana tsaye a bakin hanya, jikoki na wucewa ta gabansa suna ɗaukarsa ado. Ban ga wanda ya fi wani asara a cikinmu ba.

Can bayan ƙolin tudun, an wuce gidan shayin da baƙi ke cika, yaron ya kai ni wani gefe da ba kowa. 'Yan duwatsu ne dogaye masu kusurwa huɗu, ba fari ba, ba santsi, ba rawani, ba fure, ba ko harafi ɗaya. Ana cewa na masu aikin hauni ne, waɗanda ke zartar da hukuncin kisa a fada. Mutane ba su yarda a rufe su cikin jama'a ba, kuma an bar duwatsun ba suna don kada a la'anci mai kabarin ko a gano iyalinsa. Kaɗan ne suka rage, gidaje sun cinye sauran filin. Su kaɗai ne a duk tudun ba su roƙi komai ba. Ɗan yayata ya ce, "Kawu, su ma a yi musu?" Na ce Musulmi ne, a yi musu.

Muka dawo gidan shayin muka sami kujera a bakin gangare. Halic na shimfiɗe a ƙasa, hasumiyoyin tsohon birni sun fito ta cikin hazo. Aka kawo shayi ja a 'yan ƙananan kofunan gilas masu siririn ƙugu, na riƙe nawa da hannu biyu don ɗumi. Sai na tuna wani abu. Mahaifinmu bai san shekarar haihuwarsa ba, amma bai bar mu haka ba. A cikin bangon Alƙur'aninsa, wanda ke cikin gafaka a ɗakin yayanmu, duk ɗan da aka haifa masa sai ya rubuta da ajami, da tawadar da ya dafa da kansa. 'Ya'yana ba wanda ya taɓa buɗe wurin, ni ma ban taɓa zaunar da su na nuna musu ba. Na kira Yaya a waya, na ce don Allah in ba nisa ya ɗauko mini hoton shafin. Ya ce lafiya? Na ce lafiya lau, ina maƙabarta ne.

Kafin a kira la'asar hoton ya shigo ta WhatsApp. Takardar ta yi ja, gefenta ya gutsure, amma hannun Malam ne, da fa ɗinsa mai ɗigo a ƙasa. Na miƙa wa yaron wayar na nuna masa layin farko, na ce na mahaifiyarka ne. Kalmomin sun fi ƙarfinsa, na karanta masa: an haife ta cikin watan Azumin Tsofaffi, wato Rajab. Lambar kuwa na bar masa. Ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya ce ɗaya, uku, tara. Ya tsaya kan ɗigon ƙarshe, ya ɗan yi jim, ya ce sifiri, 1390. Ya raba, ya ɗebe, ya ƙara. Ya ce 1970, alhali duk takardun Umma 1 ga Janairu 1972 suka ce. Na ce na Malam za ka riƙe, shi yana ƙofar ɗaki aka haife ta.

Ya ja hoton ƙasa da yatsa, ya wuce layi biyu, ya tsaya a na huɗu. Ya ce, "Kawu, wannan kuma na wane ne?"

Na ce, "Nawa ne. Fara daga dama."